Faifan dandamali daban yake da faifan biki

Har yau in na ji an rangaɗa guɗa sai gabana ya faɗi, ba kuma don ina da wata rigima da aure ba. Silar wani dare ne a wani zauren taro da ke Nasarawa, shekara goma sha wani abu da suka wuce, a lokacin da nake ganin daga Titin Gidan Zoo har Ƙofar Wambai babu wanda ya fi ni iya haɗa faifan DVD.

Sana'ata tace hoto ce. Shagon ɗan ƙarami ne a wani lungu, kwamfuta biyu, fanka ɗaya, sai bencin da masu jiran aiki ke zama suna yi mini surutu. Yawancin aikina na biki ne, suna, saukar karatu, walima. Shi kuwa faifan biki an san abin da ake so da shi. Uwar amarya ta zura shi a na'ura, shafin zaɓi ya fito da hoton ango da amarya cikin furanni, kiɗa na tashi, ta zaɓi kamu ko yini ko dina. In ya ƙare ya koma shafin, kiɗan ya ci gaba har ta gama shan kunun gyaɗarta. Na yi irinsa ya fi a ƙirga, hannuna ya saba, ko barci nake zan iya haɗa shi.

Sai ga wani malamin Hausa da ke kula da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasa. Wasan nasu labarin wani saurayi ne ɗan marini da ya bar Kano ya tafi Legas neman kuɗi, mahaifinsa ya rasu bai dawo ba. Malam ya zo da gajerun hotunan bidiyo bakwai da za a riƙa haskawa a farin ƙyalle bayan 'yan wasa: jirgi yana barin tasha, ramukan marinar Ƙofar Mata da sassafe, Dala da almuru, da dai sauransu. Na shida shi ne zuciyar wasan, inda uban ke yi wa ɗan magana a mafarki.

Na ce, "Malam, ai wannan aikin rabin yini ne."

Ya ce, "To madalla. Ka dai tabbata in kowanne ya ƙare ya yi shiru."

Na ji da kunne, amma bai shiga kaina ba. Na buɗe aikin bikin da na gama a makon, na cire hotunan amarya, na jera akwatuna bakwai a shafin zaɓin, kowanne da nasa hoton. Furannin na bar su saboda sun yi kyau. Sautin da ke ƙarƙashin shafin kuwa, kiɗan ƙwarya da guɗa, ko tuna shi ban yi ba, don lasifikar kwamfutar a kashe take.

A wurin gwaji muka gano matsalar, awa biyu kafin a fara, babu halin komawa shago. Sai muka yi dabarar talaka. Ɗan yayata yana kan rimot, ni ina tsaye kusa da majigi da hulata a hannu, da hoto ya ƙare in rufe idon majigin, mai miksa ya sauke murya, yaron ya lalubo na gaba. Biyar sun wuce da ƙyar da jiɓin goshi. Da aka zo na shida, zauren ya yi tsit, har kana jin shessheƙar wata mata a layin gaba. Uban ya gama magana, hoton ya dushe. Mu ukun nan duka kallo ya ɗauke mu. Sai furanni suka cika ƙyallen, guɗa ta tashi da dukkan ƙarfin lasifika huɗu, a daidai lokacin da ɗan ya durƙusa gaban makara.

Dariyar da aka yi ta ɗauki lokaci. Yaron da ke fitowa a ɗan ma kafaɗunsa rawa suke, ban sani ba kuka yake ko dariya. Bayan an watse Malam ya zo inda nake naɗe waya, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, yau ka aurar mana da gawa." Da ma mari ya yi ni da ya fi mini sauƙi.

Za a maimaita wasan bayan mako uku. Na roƙe shi ya sake ba ni aikin, ba tare da ko sisi ba. Abin da na koya a makonni ukun nan shi nake aiki da shi har yanzu.

Da farko sai na fahimci faifan kansa. Faifan kallo na DVD ba kwandon zuba fayil ba ne. In ka buɗe shi a kwamfuta za ka ga jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta fayiloli iri uku. VOB su ne hoton da sautin, kowanne ba ya wuce gigabayit 1, shi ya sa kake ganinsu a yanke. IFO su ne masu ba da umarni, BUP kuma kwafin IFO ne na ko-ta-kwana. To IFO ɗin nan shi ke gaya wa na'ura inda za ta fara in an zura faifai, da inda za ta nufa in abu ya ƙare. Faifai na iya ɗaukar taitil, wato bidiyo mai zaman kansa, har 99, kuma kowane taitil da umarnin da ke jiransa a ƙarshe. Ni na yi taitil bakwai, kowanne umarninsa "koma shafin zaɓi". Na'urar ba ta yi laifi ba, abin da na rubuta mata ta bi.

Ko da babu guɗa, taitil daban-daban ba su dace da dandamali ba. Duk tsallakawa daga wani zuwa wani sai na'urar ta saki abin da ta riƙe, idonta ya matsa ya nemo sabon wuri, ta karanta umarni, sannan ta fara. A falo wannan sakan ɗaya ko biyun ba wanda ya damu da shi. A dandamali kuwa ɗan wasa ya riga ya juya yana kallon ƙyalle, ya saki baki, ƙyallen kuma babu komai. Sakan biyu a gaban mutum ɗari uku yini guda ne.

Don haka na zubar da shafin zaɓi gaba ɗaya. Na jera hotunan bakwai a layi ɗaya a manhajar tace hoto, na fitar da su a matsayin bidiyo guda, taitil ɗaya tak, aka raba shi babi-babi. Da an zura faifan, kai tsaye cikinsa yake faɗawa. Mai aiki ba ya buƙatar komai sai maɓallin gaba, wannan mai kibiya biyu da sanda.

Amma ainihin aikin yana tsakanin hotunan ne, wurin da babu komai. Ni da nake kwana ina gyara launi, sai ga shi abin da ya fi cin tunanina shi ne duhu.

Bayan kowane hoto na shimfiɗa baƙi ƙirin mai tsawo, da shiru a ƙarƙashinsa. Hoto ya ƙare, faifan yana ci gaba da juyawa, na'urar tana ganin fim take nunawa, 'yan kallo kuwa ba sa ganin komai, ba sa jin komai. Mai aiki ya naɗe hannu. Babu gaggawar danna wani abu, ko kallo ya ɗauke shi babu abin da zai faru. In lokacin na gaba ya yi, ya danna sau ɗaya, ta tsallake sauran duhun ta dira a babi na gaba.

Wani zai ce me ya hana a danna tsayawa kawai? Na gwada. Na'urori da yawa sai sun buga alamar nan ta sanduna biyu a kusurwar allo, kuma a farin ƙyalle mai faɗin ɗaki alamar ta kai girman ƙofar taga. Wasu in sun daɗe a tsaye sai tambarin kamfaninsu ya fito yana yawo, wasu su gaji su tsayar da faifan gaba ɗaya su koma shuɗin allo. Sannan kana buƙatar mutum ya danna a daidai sakan ɗin da hoto ya ƙare, wanda shi ne abin da ya kashe mu a daren farko. Tsarin DVD ɗin ma ya yarda a sa hoto ya daskare da kansa, na wasu sakanni har 254 ko kuma sai an danna, kuma manyan manhajoji suna ba da wannan damar. Sai dai na ga na'ura biyu sun bi wannan umarni ta hanya biyu, shi ya sa na fi amincewa da baƙin da ke tafiya. Kowace na'ura ta iya nuna fim, komai arharta.

Tsawon duhun fa? Nan ne za ka zauna da mai ba da umarni da takardar wasan. Na tambayi Malam fitowar da ke tsakanin hoto na biyu da na uku minti nawa take ci, ya ce huɗu. Na sa goma sha biyu. Ya ce almubazzaranci ne. Na ce, "Malam, ka manta da mai shayinka?" Akwai wani yaro da ke fitowa a mai shayi, in ya ji 'yan kallo sun fara dariya, to sai abin da Allah ya yi, zai ƙaro zance daga kansa har sai an yi masa alama daga bayan labule. Duk wanda ya san 'yan wasanmu ya san takarda shawara ce kawai a wurinsu. In duhun ya ƙare kafin su gama, hoto na gaba zai shigo da kansa ba sallama. Baƙi kuwa ba ya cin wuri sosai in ka bar manhajar ta rage nauyi a inda babu motsi, don haka ninka shi sau uku ba asara ba ce. Na ƙarshe na ba shi rabin awa, na kuma sa in ya ƙare ya koma duhun farko.

Akwai wani ƙaramin duhu kuma a gaban kowane hoto, sakan ɗaya, shi ma da shirunsa. Dalili biyu ne. Na farko, in na'ura ta tsallaka babi, sau da yawa takan haɗiye farkon sautin kafin ta daidaita. A gwajin da na yi, uban na cewa "Ɗana, ka dawo", abin da ya fito shi ne "ka dawo". Na biyu kuwa daga yadda MPEG-2, tsarin da DVD ke matse bidiyo da shi, ke ajiye jerin hotunan tsaye da ke haɗuwa su zama bidiyo ne. Ba kowane hoto yake ajiyewa cikakke ba. Yakan ajiye ɗaya cikakke, sai 'yan bayansa ya riƙe abin da ya canza kawai, a ƙungiya-ƙungiya, kuma a PAL, tsarin talabijin da muke bi a nan, ƙungiyar ba ta wuce hoto 15, wato ɗan fiye da rabin sakan. Alamar babi sai a kan cikakken hoton take iya zama. In ka sa ta inda babu shi, manhajar za ta matsar da ita gaba ko baya ba ta gaya maka ba. In a tsakiyar duhu ta faɗa, ko ina ta matsa duk ɗaya ne. Sai dai a gaya wa mai aiki ya danna da numfashi ɗaya kafin lokacin.

Wani abu da ya kusa rikita mu: duhun buɗewa shi ne babi na 1, don haka hoto na farko ya zama babi na 2, na shida ya zama na 7. Ɗan tagar da ke gaban na'ura lambar babi yake nunawa. Maimakon in bar yaro yana lissafi cikin duhu, sai muka ɗauki biro muka canza lambobin a takardar wasan, kowa ya koma kiran hoton mafarki "bakwai". In an yi kuskure an danna sau biyu, ya dubi tagar, ya ga inda yake, ya koma baya.

Sauran aikin na ƙa'ida ne, ba shi da daɗin labari, amma tsallake ɗaya ka gani. Mu nan PAL muke, ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, hoto 25 a sakan. Ƙasashe irin su Amurka da Japan ne ke kan ɗaya tsarin, NTSC, 720 da 480, hoto kusan 30. Wayoyin hannu galibi 30 suke ɗauka, wasu ma saurin nasu hawa da sauka yake, to ka mayar da kowanne 25 tun kafin ka jera, in ba haka ba baki ya riga murya. Ka zaɓi faɗi ɗaya, ko 4:3 ko 16:9, ka sa na'urar ma a kan haka, don kar fuskoki su fito kamar an ja su da igiya. Sauti a DVD 48 kilohaz ne, na faifan waƙa na CD kuma 44.1, sai an juya shi. Ka daidaita ƙarfin muryar hotunan duka, kar jirgin ƙasa ya firgita mutane sannan a kasa jin uban.

Nauyin hoto kuwa, wato yawan bayanan da na'ura ke karantawa a kowane sakan, ƙa'ida ta yarda har megabit 9.8 a sakan, kuma da ina cika shi don a ce aikina ya fi na kowa tsabta. Faifan da ka buga a shago bai kai na kamfani mayar da haske ba, tsohuwar na'ura mai ƙura a ido tana wahalar karanta shi, in nauyin ya yi yawa sai hoto ya fara sarƙewa. Ina tsayawa wajen 6. A haka faifai mai gigabayit 4.7 zai ɗauki kimanin minti 100, kuma daga kujera ta goma babu mai ganin bambanci. Mai hawa biyu, na 8.5, ba na kai shi dandamali, saboda akwai ɗan tsaikon da yake yi a inda ido ke sauya hawa. Ba na kuma cika faifai har baki. Daga tsakiya ake karanta shi zuwa gefe, gefen kuma nan ne ya fi saurin samun tabo da yatsa.

Manhaja ba sai mai tsada ba. Adobe Encore da wasunmu suka saba da ita an daina sabunta ta tun daga CS6, amma DVDStyler kyauta ce, da ita nake haɗa faifan, sai in buga shi da wata manhajar, ImgBurn. DVD-R nake saye don tsofaffin na'urori sun fi saninsa, in buga a hankali, a kan gudu 4, ba 16 ba. Kwafi biyu. Da alƙalamin maka nake rubuta suna a jikin faifan, ba na manna takarda, don takan sa faifai rawa in zafi ya ɗaga ta.

Sai zauren. Na'urar da za a yi wasa da ita, da ita za a yi gwaji, ba 'yar'uwarta ba. Na shiga saitinta na kashe rubutun da take bugawa a allo da tambarin da ke yawo, na kafe ta a PAL don kar majigi ya riƙa neman sigina yana shuɗi. Lokacin hunturu ne, ƙura ko ta ina, sai da na sa aka goge mata ido a Sabon Gari. Rimot ɗin na yanko kwalin sabulu na rufe shi ruf, na huda rami biyu, gaba da baya, na naɗe da salatif. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ai ka mayar da ni jariri." Na ce ni na fi shi buƙatar kwalin.

Baƙin majigi kuma ba baƙi ba ne na gaskiya. In an kashe fitilun dandamali za ka ga wani toka-tokan haske mai kusurwa huɗu a jikin ƙyalle. Wasu majigan suna da maɓallin rufe hoto, namu ba shi da shi, sai muka kafa wani kwalin a ɗan nesa da idon saboda zafi, da zare, a ɗaga a sauke. Hulata ta huta.

Abu na ƙarshe da na ɗauko daga shago shi ne UPS ɗin kwamfutata, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. In aka ɗauke wuta, kafin a tayar da inji na'ura ta mutu, ta dawo da tambarinta, ta sake karanta faifai daga farko a gaban jama'a. Da batirin nan a tsakani, ita da majigin ba su ma san an yi ba.

Na san yanzu kowa kwamfutar cinya yake ɗauka, ko ya soka filasha a talabijin, ni ma ina yi. Amma na ga kibiyar linzami tana yawo a goshin jarumi, na ga saƙon WhatsApp ya faɗo a kan ƙyalle ana tsakiyar waƙar yaye ɗalibai, na ga kwamfuta ta zaɓi wannan lokacin ta ce sai ta sabunta kanta. Na'urar DVD jaka ce, aiki ɗaya ta sani, ba ta da abokai. Shi ya sa ko da kwamfuta zan yi aiki, faifan yana cikin jakata, kuma fayil ɗin kwamfutar ma haka nake gina shi, da duhunsa gaba da baya.

Daren na biyu sanyi ake sosai, mutane duk da rigunan sanyi. An ɗauke wuta ana tsakiyar fitowar mai shayi, fitilu suka mutu, shi kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da zuba cikin duhu yana cewa ko shayin ma ya san halin garin nan. Ina kallon ɗan tagar na'urar, lamba 3 tana nan kore shar, sakanni suna tafiya. Inji ya tashi, fitilu suka dawo. Ya cinye minti tara daga cikin goma sha biyun.

Da aka zo bakwai yaron ya dube ni, na gyaɗa kai, ya danna. "Ɗana, ka dawo" ta fito cikakkiya. Uban ya gama, hoton ya dushe, na saki zare kwali ya sauka. Ba a ji komai ba sai ƙugin inji daga can waje da tarin wani dattijo. Ɗan ya durƙusa. Mun ɗauki kusan minti guda a haka kafin a fara tafi.

Malam bai ce mini komai ba a daren, hannu kawai ya ba ni. Bayan wata biyar sai ga shi a shago da kaset uku na kyamara a leda, bikin 'yarsa ta fari. Ya ajiye a kan tebur, ya zauna a benci, ya ce, "Wannan karon ka sa guɗar."